Takwas Ɗin Clarrie

Matar yayana Noelene ba ta taɓa kirana da sunana ba. Walter iyayena suka sa mini, duk garin Quilpie Wal suke ce mini, ita kuwa tun ranar da yayan nawa Clarrie ya kawo ta gidanmu ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne gajeren?" Shi ke nan suna ya bi ni. Na fi ta tsawo nesa ba kusa ba, na fi mijin nata ma, amma je ka ka gaya mata. Yanzu ni da ita duk furfura ta gama cin kanmu, amma har yau in ta leƙo garejina abin da za ka ji shi ne, "Gajere, kana ciki ko ka mutu?"

Ubanta mai kafa shingen waya ne a gonakin tumaki, saboda haka a tanti ta tashi, yau nan gobe can, duk inda aiki ya kai su. Tun tana budurwa ta fara dafa wa masu askin tumaki abinci, kuma wanda bai taɓa ciyar da waɗannan ƙartin ba bai san girki ba. Mutum ya wuni a sunkuye yana kokawa da rago, in ya miƙe ba ya ganin kowa sai kwano. Akwai wani mai bakin tsiya da ya taɓa cewa naman nata ya fi takalminsa tauri. Ta ɗauke kwanon daga gabansa ta ajiye wa kare, ta koma ta ci gaba da yanka burodi. Washegari shi ya fara yaba miya. A wannan rumfar askin ta haɗu da yayana, lokacin yana aikin danna ulu cikin buhuna, kuma ita da bakinta take cewa ba kyansa ya ja hankalinta ba, don babu, sai don shi kaɗai ne yake wanke kwanonsa in ya gama.

Bayan aure suka zauna a gari. Ta kama aiki a kicin ɗin asibiti, ta yi ta yi har ƙafafunta suka ce sun gaji. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Bronwyn, wadda yanzu take can birnin Toowoomba da mijinta da yara. Clarrie kuwa gireda yake tuƙawa yana gyaran hanyoyi, kuma ciwonsa ɗaya ne a duniya: duwatsu. A ƙasarmu ofal, dutsen ado mai tsada, a cikin jan dutse yake ɓoye, irin dutsen da za ka yi tuntuɓe da shi ka zage shi ka wuce, sai an fasa a ga launi yana walƙiya a ciki. Clarrie bai taɓa samun na kirki ba. Amma duk dutsen da ya ɗaga sai ya jinjina shi ya ce, "Wannan akwai magana a cikinsa." Ba ya fasawa kuma, abin haushin ke nan. Wai sai ya samu lokaci.

Da suka yi ritaya suka sayi 'yar tirelar zango, irin wadda ake ja a bayan mota, in an isa a buɗe ta ta zama tanti da gado da wurin girki. Duk shekara da sanyi ya shigo sai su kulle gida su nufi kogin Cooper, su kafa a bakin ruwa. Sai zafi ya fara dawowa ake ganinsu. Na taɓa bin su sau ɗaya na ga zaman. Shi yana can ƙasa da ƙugiyarsa kifi ya ƙi ci, ita tana gasa burodi a toka tana ƙwala masa, "Malam mai kifi, in soya albasa ko in buɗe gwangwani?" Shi kuma ya ɗaga mata hula ba tare da ya waiwayo ba. Haka suke wuni, ba su gajiya da juna.

Aikinsu a rabe yake. Girki da shimfiɗa da sanin inda kowane cokali yake nata ne, tuƙi da jan tirela nasa. Ba don ba ta iya mota ba. Noelene ta tuƙa babbar motar ulu tun kafin a ba ni lasisi. Haka dai suka saba, kuma a wajenmu ba a tambayar mata da miji dalilin rabon aikinsu.

Clarrie ya rasu a tsakiyar zafin bara, yana zaune a kujerarsa a baranda, hularsa a gwiwa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Noelene ba ta yi a gaban mutane ba, sai dai ta rame, gidan kuma ya yi wani irin shiru da ba na son shiga. Da sanyi ya kawo kai sai ta ce za ta Cooper.

Na ce, "Ke da wa?"

Ta ce, "Ni da ƙafata. Kana da magana ne?"

Gaskiya ma daɗi na ji, don ranar na fara ganin ta dawo kamanninta.

Ba ta yi nisa ba. Tana sauka daga kwalta ta hau burji, sai ga emu, wannan sakaran tsuntsu mai dogon wuya, ya tsallako hanya da 'ya'yansa a baya. Ta taka birki. Tayoyin tirela suka cije ƙam suka daina juyawa, tirelar ta ja ƙasa ta yi gefe, ta fizgo bayan motar, suka tsaya a karkace cikin ramin gefen hanya. Ko ƙwarzane ba ta yi ba. Wani mai motar shanu ya jawo ta ya rako ta gida, kafin yamma kuwa labari ya kai Toowoomba, don a garinmu ko tari ka yi sai an ji.

Washegari Bronwyn ta iso idanunta jajur. Yarinyar kirki ce, ba na yarda a zage ta a gabana. Ubanta bai daɗe a ƙasa ba, ga shi an ce uwarta ta faɗa rami, me kake so ta yi? A kicin ɗin Noelene muka zauna mu uku, shayi yana hucewa.

Bronwyn ta ce, "Mama, ba faɗa na zo yi ba. Amma Baba ya ja tirelar nan shekara da shekaru ba ta taɓa yi masa haka ba. Ke kin ja ta sau ɗaya..."

"Ƙarasa mana. Na tsufa, ko?"

"Ni ban ce ba."

"Fuskarki ta ce."

Bronwyn ta juyo gare ni. "Baffa, wayar mota aikinka ne. Ka duba ta. In birkin ne ya lalace ka gyara, ba zan ƙara cewa komai ba. In kuwa lafiyarsa ƙalau, to Mama ce ta firgita ta danne shi, sai a rabu da tirelar ta dawo wurinmu. Ɗaki yana nan mun gyara mata."

"Na yarda," in ji Noelene. Da sauri ta faɗa, don ta tabbata birkin ne. Ni ma haka na ɗauka.

To ka ji yadda aka yi na shiga aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Duk rayuwata in na buɗe mota, fatana in tarar da abu lafiya. Wannan karon ɓarna nake nema ido rufe, don duk abin da na samu da lafiya ya ƙara matsar da Noelene kusa da wancan ɗaki na Toowoomba. Ni kuwa na san ta. Matar da ta tashi a tanti, a sa ta a ɗaki mai labule tana kallon katangar maƙwabta? Ba za ta ga wani sanyin ba.

Birkin irin wannan tirela ba shi da wani asiri. Ka taka birki a mota, wuta ta bi waya ta je ƙafar tirela ta shiga maganaɗisu, shi kuma ya manne wa gangar taya ya ja birki. In wutar ta zo daidai taya ta rage gudu. In ta yi yawa, ko ta zo ba a kira ta ba, taya ta cije. Na fara da soket ɗin da ke haɗa mota da tirela, don nan ƙura da tsatsa suke taruwa har wata waya ta ari wutar wata. Na buɗe shi na same shi fes, har da ɗan man da Clarrie yake shafa masa. Na yi tsaki. Na duba ɗan abin nan da ke damƙe birki in tirela ta tsinke daga mota, ko ƙusarsa ta zame. Tana nan daram. Na kwanta a ƙasa na bi waya daga gaba har baya, ina neman inda tsakuwa ta goge ta ta taɓa ƙarfe. Babu. Yayana ya sa kowace waya cikin tiyo ya ɗaure tsaf. Ban taɓa jin haushin tsaftar aikin mutum kamar ranar ba.

Noelene kuwa ta jawo kujera ta dasa a bakin gareji da kofin shayinta.

"Ka samu?"

"Da na samu ai da kin ji ihuna."

"Ko dai idon ne ya tafi, Gajere? In ara maka tabarau?"

"Ki ara mini shiru in kina da shi."

Ta yi dariya, amma na ga yadda take juya kofin a hannu ba ta sha. Da rana ta kawo mini burodi da naman rago mai sanyi, ta tsaya a kaina har na cinye, ba ta sake tambaya ba.

Washegari na sa jak na cire tayoyin, na zare gangunan. Maganaɗisun bai cinye ba, na gwada shi da mita ya amsa daidai. Babu giris da ya zubo inda bai kamata ba, babu sifirin da ya karye, boris lafiya lau. Na daidaita birkin na mayar, na juya taya da hannu tana tafiya sumul. Sai na zauna a kan bokiti na rasa abin da ke yi mini daɗi. Bronwyn ta leƙo ta ce, "Baffa, yaya?" Na ce, "Ana kai." Ta dube ni ta gane. Ba ta yi murna ba, Allah ya sani, ta dai sunkuyar da kai ta koma.

Zuciyata ta raya mini in goge waya ɗaya da wuƙa in ce ga ɓarnar nan. Na kasa. In da gaske ƙafarta ce, ƙaryata ce za ta kashe ta a wata hanyar da babu mai motar shanun da zai wuce.

Abin da ya rage shi ne maɓallin da ke cikin mota, ɗan abin murɗawa kusa da sitiyari, mai lamba daga ɗaya zuwa goma, wanda ke gaya wa birkin tirela ƙarfin da zai kama da shi. Tun ranar farko na kalle shi na wuce, don yana kan takwas, inda ya saba zama. Ni da Clarrie muka saita shi da hannunmu shekarar da aka sayi tirelar. Ya ɗauko jan farcen matarsa ya ɗiga a kan takwas ɗin, ya kafa doka: kowa ya taɓa abin da ya ga dama a motar nan, ban da wannan. Har jikokinsa sun san dokar. Abu yana zaune inda aka bar shi, da me zan tuhume shi?

Na tashi zan tura tirelar gefe in share wurin. Da can in za a motsa ta sai mu biyu, ni da Clarrie, muna nishi muna zagin juna. Na sa kafaɗa na tattaro ƙarfina na tura, sai ta tafi sululu, saura kaɗan in kifa da baki. Na tsaya. Na kama ƙarfen gabanta na ɗaga, ya taso mini ba wuya.

"Noelene! Me kika yi wa tirelar nan?"

"Me kuwa na yi mata?"

Na buɗe akwatin gaba. Wayam. Na buɗe na gefe, tukunya ɗaya, kofi ɗaya, kujera ɗaya a naɗe.

"Ina duwatsun?"

Ta ce, "Suna bayan gida, na jera su a gindin lemo. Wuni na yi ina kwasa da baro."

"Injin kwalekwalen fa? Janareto? Akwatin sifanu? Jarkokin mai?"

"Injin na ba Trevor na maƙwabta. Janareto ba na iya ɗaga shi. Firjin giyarsa me zan yi da shi, ni da ba na sha? Tankin ruwa ma ban cika ba, mutum ɗaya wanka nawa zai yi?" Ta kau da kai daga akwatin. "Ba zan iya buɗe akwati kullum in riƙa ganin kayansa ba, Gajere. Shi ya sa."

Kai! Na dafe kai da hannu bibbiyu. Ashe takwas ɗin nan ba na tirela ba ne ita kaɗai, na tirela ne da Clarrie a cikinta, da duwatsunsa da tarkacensa. An kwashe nauyin, birki bai sani ba, yana nan yana damƙa da ƙarfinsa na da. Taya marar nauyi a kan tsakuwa, ka damƙe ta haka, dole ta cije, ko wane ne a kan sitiyari. Na yi mata bayani, na ƙwala wa Bronwyn kira na sake yi daga farko.

Bronwyn ta ce, "Baffa, ka tabbata? Ba rufa mata asiri kake yi ba?"

"Ku shiga mota ku gani da idonku."

Sai Noelene ta ce, "To ai da sauƙi. A mayar da duwatsun."

Na ce, "Haba, Noelene! Ki yi ta jan duwatsu har Cooper don kada ki murɗa ɗan abu ɗaya?"

"Ya ce kada a taɓa."

"Ya faɗa lokacin da shi ma yake cikin tirelar."

Na ji zafin yadda maganar ta fito, amma ta riga ta fito. Ta kalle ni, na ɗauka zagi ne zai biyo baya, kuma da na cancanta. Ta ajiye kofin a kan kujera, ta miƙo hannu, na ba ta makulli.

Muka ɗaura tirela muka fita bayan gari, inda burjin yake a miƙe babu kowa. Ita ke tuƙi, ina gefenta, Bronwyn a baya. Na ce ta ɗan ba ta wuta sannan ta taka. Ta taka a hankali, taku irin na wadda ta san mota, amma nan take muka ji ƙara a baya, tirela ta ja ƙasa, ƙura ta tashi. Bronwyn ta riƙe kujerata.

Na ce, "Kin ga yadda ta taka?"

"Na gani," in ji Bronwyn ƙasa-ƙasa. "Ko ni na fi haka dannawa."

Na kai hannu zan murɗa maɓallin. Noelene ta buge mini hannu, bugu mai zafi kuwa.

"Motarka ce?"

Na janye. Muka zauna, inji yana aiki. Ta daɗe tana kallon ɗigon jan farcen nan da ya dushe. Sannan ta sa yatsu biyu ta murɗa shi baya kaɗan.

Muka tafi, ta taka, ya cije. Ta ƙara rage lambar. Ya sake cijewa, sai dai ba kamar da ba. Bronwyn ta ce a sauke ta. Ta tsaya a gefen hanya ta sunkuya tana kallon tayoyin, duk wucewar da muka yi sai ta ɗaga hannu ta yi ihu, "Har yanzu, Mama!" Muka yi ta kai da kawowa. Noelene ta fara jin abin a jikinta, ba ta ma jiran in yi magana, in na buɗe baki sai ta ce in rufe. Ta sauke lambar har ƙasa sosai, ta ce a'a, yanzu kuma tirelar ce ke turo ta daga baya, ta ƙara. Ta taka. Mota da tirela suka rage gudu tare, a miƙe, suka tsaya cak. Ta sake, da ƙarfi wannan karon, har na dafe gaban mota. Haka dai suka tsaya, babu ƙara, babu karkata.

Bronwyn ta taho da gudu ta leƙo ta taga, ƙura har a gashin idonta.

"Ba su cije ba, Mama. Suna juyawa har kika tsaya, ina kallo." Ta share fuska da bayan hannu. "Zan ce wa yara su ci gaba da zuba tarkacensu a ɗakin da muka gyara miki. Amma ki riƙa kirana duk inda waya ta kama, kin ji?"

"In na ga dama," in ji Noelene. Amma ta miƙa hannu ta taga ta kakkaɓe mata ƙurar gashi.

Sannan ta jingina da kujera. Ba ta kalli maɓallin ba, ni ta tambaya.

"Gajere, a nawa ya tsaya?"

Na sunkuya na duba. "Huɗu da rabi."

"Namu takwas ne."

"Takwas."

Ta ɗora hannayenta a kan sitiyari. Na kau da kai na kalli daji.

Can ta ce, "Ka gani ko? Ni kaɗai na haura rabin takwas ɗinmu. Da ma na sha gaya wa Clarrie."

Ta ce wa Bronwyn ta shiga ko ta bar ta a nan, ta sa giya muka juya.